Lacca: Zanen da babu komai a cikinsa sai launi

Assalamu alaikum. Jama'a, na ga wasunku sun yi murmushi da aka haska hoton nan a bango. Na san abin da ke ranku: ja, ruwan lemo, rawaya, shi ke nan? Ai ko mai fentin gida zai iya! To, aikin Mark Rothko ne, kuma a 2012 an sayar da shi kusan dala miliyan 87. Amma mu ajiye zancen kuɗi, ba shi ya tara mu ba.

A birnin New York na Amurka salon ya taso, wajen ƙarshen shekarun 1940. Masu shi suka daina zana mutum ko doki ko bishiya. Suka ce launi kaɗai, in an shimfiɗa shi da faɗi, ya isa ya taɓa zuciya.

Ku lura da yadda Rothko ke aiki. Sai ya tsinka fenti ya yi ruwa-ruwa, ya shafa a kan ƙyalle, ya bari ya sha iska, ya sake shafa wani a kai. Haka, haka, har launin ƙasa ya riƙa leƙowa ta cikin na sama. Gefunan ba su da kaifi, sun baje kamar hazo. Zanen kuma yakan fi mutum tsayi, ga shi yana so a tsaya dab da shi, tazarar da ba ta kai rabin mita ba, yadda ido ba zai ga komai ba sai launin. Ku gaya mini, wace waya ce za ta nuna muku wannan? Shi ya sa ban ga laifin murmushinku ba.

Wata mai zane a wannan salon kuwa, Helen Frankenthaler, a 1952, ƙasa ta shimfiɗa ƙyallen ta kwarara masa fenti, ya shige cikin zaren kamar rini.

Mu koma kan Rothko. A 1958 aka ba shi kwangilar zanen da za a rataya a wani gidan cin abinci na attajirai, Four Seasons. Ya yi aikin, ya je ya ci abinci a wurin, ya ga masu cin ba kallo ya kawo su ba. Sai ya mayar da kuɗin, ya riƙe kayansa. Tara daga ciki ya ba Tate, gidan baje kolin zane-zane na Landan, kyauta. Sun isa can a Fabrairun 1970, ranar da aka tsinci gawarsa a ɗakin aikinsa.