Bayan An Jefa Ƙuri'a, Sai Me?

Assalamu alaikum, masu kallo.

A ƙarshen shekarar 1994, a wasu ƙauyukan jihar Rajasthan ta ƙasar Indiya, mutane suka riƙa taruwa a fili, wani ya miƙe da takardu a hannu yana karantawa da ƙarfi. Takardun kuwa rajistar leburori ce da lissafin ayyukan da hukuma ta ce ta yi, ta kuma biya. Ana kiran suna, sai a amsa daga cikin taro: wannan ai ya daɗe da rasuwa. A kira wani, mai sunan ya miƙe ya ce ko shebur bai taɓa ɗauka a wurin ba. A karanto gini an ce an kammala shi, alhali kowa ya san yadda aka bar shi.

Waɗannan manoma da leburori ba baƙin zaɓe ba ne. Tun 1952 ƙasarsu ta kammala babban zaɓenta na farko. Abin da ya ɓace musu tsawon shekaru shi ne sanin cewa kuɗin nan nasu ne, don haka takardun ma suna da haƙƙin gani. Wata ƙungiyarsu da aka kafa a 1990, wadda 'yar gwagwarmaya Aruna Roy na cikin jagororinta, ita ta dage a kan haka. Gwagwarmayar ta bazu, har a 2005 Indiya ta kafa dokar 'yancin samun bayanai, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa ma'aikatar gwamnati tambaya, a ba shi amsa cikin kwana 30.

To, wannan shi ake nufi da ilimin zama ɗan ƙasa. Ya wuce haddace taken ƙasa da launin tuta. Shi ne ka san wa ke riƙe da wane aiki, da kuɗin wa yake yin sa, kuma ta wace ƙofa za ka bi ka tambaye shi.

Mu ɗan tsaya a nan, don a nan aka fi cutar mutane. A tsarin dimokuraɗiyya majalisa ce ke yin doka, ita ke amincewa da kasafin kuɗi, ita ke sa ido a kan yadda aka kashe shi. Ɓangaren zartarwa shi ke aiwatarwa. Kotu kuma ta raba gardama, har tsakanin talaka da gwamnati. Wanda bai san wannan rabo ba, sai ka same shi a ƙofar ɗan majalisa yana neman ɗan abin sawa a aljihu, bai taɓa tambayarsa me ya ce ranar da aka kawo kasafin lafiya ko na ilimi ba. Ɗan majalisar kuwa hakan ya fi masa sauƙi ƙwarai. Kyautar mutum ɗaya ba ta kai wahalar amsa tambayar mazaɓa guda ba. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma akwai masu cin riba da wannan duhun.

Na san abin da wasu za su ce: siyasa ƙazanta ce, ni ba ruwana. Ina fahimtar gajiyar da ke bayan wannan magana, domin wanda aka sha yi wa alkawari ana saɓawa dole ransa ya yi sanyi. Amma janyewarka ba ta hana a yanke hukunci. Harajin da za ka biya, manhajar da za a koya wa 'ya'yanka, ikon da ɗan sanda zai samu a kanka, duk za a tsara su ko kana nan ko ba ka nan. Tun kafin ranar zaɓe ma an gama rabin aiki, domin a cikin jam'iyyu ake fidda 'yan takara, sau da yawa a hannun mutane ƙalilan. Ka zo rumfar zaɓe ka tarar da sunaye biyu ko uku da ba ka so, ka ce duk ɗaya ne. Wasu ne suka halarci taron da aka tsayar da su.

Batun cewa ƙuri'a ɗaya ba ta komai kuwa, a 2017 a jihar Bajiniya ta Amurka 'yan takara biyu na majalisar jiha sun yi kunnen doki, kowa da ƙuri'a 11,608. Sai da aka sa sunayensu a kwano aka zaro ɗaya, kuma wannan kujera ce ta tabbatar wa jam'iyyar Republican rinjaye a majalisar.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Dimokuraɗiyya tana iya mutuwa ta hanyar da ke kama da doka. A watan Maris na 1933 majalisar Jamus ta kaɗa ƙuri'a, 444 da 94, ta miƙa wa gwamnatin Hitler ikon yin dokoki ba tare da ita ba. Abin da ya biyo baya duniya ta sani. Bayan yaƙin duniya na biyu, a 1952, Jamus ta Yamma ta kafa hukuma ta musamman don ilimantar da jama'a kan siyasa, tana nan har yau tana buga littattafai da shirya bita ga malamai da matasa. Sun gane cewa kundin tsarin mulki ba ya kare kansa, sai in mutane sun san abin da ke ciki har za su gane ranar da aka taɓa shi.

Shiga harkokin siyasa kuma ba lallai sai ka tsaya takara ba. A birnin Porto Alegre na Brazil, tun 1989 aka fara tara mazauna unguwanni su zauna su zaɓi inda wani kaso na kuɗin birni zai tafi, ruwan sha ne, magudana ce ko titi. A Kenya, a 2017, 'yan adawa sun bi ta kotu, kotun ƙoli ta soke zaɓen shugaban ƙasa ta ce a sake. Ba a kai ga wannan ba sai da aka sami wakilai a rumfuna da suka riƙe takardun sakamako, da lauyoyin da suka san wa'adin shigar da ƙara.

Inda mutum zai fara ba nisa. Ka san sunan mai wakiltarka a kowane mataki, da ranar da wa'adinsa zai ƙare. Ka nemi kasafin kuɗin bana, ka duba aiki ɗaya kacal da aka ware wa yankinku, ka je ka gani da idonka ko an fara. In ba a fara ba, ku haɗu ku biyar ko goma ku rubuta takarda mai kwanan wata da sa hannu, ku miƙa wa ofishin da abin ya shafa, ku karɓi shaidar an karɓa, ku ajiye kwafi. In wata ya wuce shiru, ku sake rubutawa, wannan karon da kwafi zuwa ga kwamitin majalisar da ke kula da ma'aikatar da kuma gidan rediyo mafi kusa.