Ciwon ƙafar da ke tsayar da Kawu a hanya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau muna Cannon Hill Park a nan Birmingham, sanyi ya ɗan sauka amma ba ruwan sama. Wancan mai baƙar hula da kuke hangowa a gabana Kawuna ne, ya yarda in ɗauke shi ta baya kawai. Ku lura da tafiyarsa, nan da ɗan lokaci za ku ga ya ja ya tsaya. Kan wannan tsayuwar nake son mu yi magana yau.

To ga shi nan, ya tsaya. Kawu, ina ne yake kama ku? Kun ji ko, ya ce tsokar bayan ƙwauri ce, ta ɗaure tamau kamar ana matse ta. Bai zauna ba, bai shafa komai ba, tsayuwa kawai ya yi. Cikin 'yan mintuna zafin zai sake shi ya ci gaba, in ya sake yin tafiya kamar wannan tazarar, ya dawo masa a daidai wurin. Kullum haka.

Ya daɗe yana cewa sanyin Ingila ne ya shige masa ƙashi. Abokansa a masallaci suka ce tsufa ne, wani ya kawo masa man zafi daga gida. Wannan maganar ta sanyi tana damuna ƙwarai, domin ta sa dattawanmu da yawa suna zaune da cutar da ake iya tare ta. Ciwon gaɓoɓi yana kama gwiwa ko ƙugu, yakan yi tsanani da safe ko bayan dogon zama. Wannan kuwa a cikin tsoka yake, tafiya ke kawo shi, tsayuwa ke kore shi.

Ga abin da ke faruwa. Jijiyoyin da ke kai jini daga zuciya zuwa ƙafa, kitse yana taruwa a bangonsu a hankali shekara da shekaru, hanyar ta tsuke, kamar bututun ruwan da datti ya cushe. In mutum yana zaune, ɗan jinin da ke wucewa ya wadatar. Da ya fara tafiya, tsoka ta nemi ƙarin iskar oksijin, jinin ya kasa kai mata, sai ta yi kuka. In tsukewar a cinya take, zafin a bayan ƙwauri ake jin sa. In ta fi sama, wajen ƙugu, sai a ji shi a cinya ko ɗuwawu. Kuma ba cuta ce ta mutum ɗaya ko biyu ba, sama da mutum miliyan 200 ke ɗauke da ita a duniya. Manyan masu jawo ta su ne shan taba, ciwon suga, hawan jini, yawan kitse a jini da kuma shekaru. Kawu yana da suga, ya kuma sha sigari tun yana saurayi.

Ranar da muka je gwaji na raka shi, kuma abin bai da wuya ko kaɗan. Nas ta kwantar da shi, ta bar shi ya huta, ta ɗaura masa abin awon hawan jini a damtse, sannan a idon sawu. Ta shafa wani ruwa mai yauƙi a bayan ƙafar, ta ɗora wata 'yar na'ura kamar alƙalami. A ƙafar dama muka ji sautin jini yana bugawa da ƙarfi. A ta hagu sai da ta yi ta lalube kafin wani siririn sauti ya fito. Ana raba awon idon sawu da na hannu, in sakamakon ya gaza 0.9, jini ba ya isa yadda ya kamata. Na Kawu ya gaza. Ta nuna mana ƙwaurin, gashin wurin ya zube, fatar tana sheƙi, farcen yatsun ya yi kauri. Kawu da kansa ya ce in yana alwala yakan ji ƙafar hagu ta fi ta dama sanyi.

Likita ya faɗa masa wata magana da ta tsaya mini a rai. Abin da ya toshe jijiyar ƙafa, shi ne ke toshe ta zuciya da ta ƙwaƙwalwa. Yawancin masu wannan ciwo ba sa kaiwa ga a yanke musu ƙafa, amma haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ya fi yawa a kansu. Shi ya sa aka ɗora shi kan atorvastatin don rage kitse, da clopidogrel don kada jini ya daskare, aka kuma haɗa shi da masu taimaka wa mutane su bar taba, kyauta ne a ƙarƙashin NHS, wato hukumar kiwon lafiya ta gwamnatin ƙasar nan. Samarinmu masu shisha, ku ma da ku nake, hayaƙi dai hayaƙi ne.

Babban maganin kuwa shi ne tafiyar nan da ke kawo zafin. Hukumar NICE da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce a fara da motsa jiki a ƙarƙashin kulawar ma'aikacin lafiya, awa 2 a mako har wata 3. Mutum ya yi tafiya har zafin ya yi ƙarfi, ya tsaya ya lafa, ya sake tashi. Da haka tsoka ke koyon aiki da ɗan jinin da take samu, ƙananan jijiyoyi na gefe su ma su taimaka. Sai in wannan bai wadatar ba ake maganar buɗe jijiyar da balan-balan ko yi wa jini wata hanya ta tiyata. Da farko Kawu ya ƙi, ya ce ta yaya za a ce ya nemi ciwo da ƙafarsa. Yanzu yakan wuce bencin can na bakin tafki kafin ya tsaya, a da ko rabin hanyar ba ya kaiwa. Kawu, mu ƙara zagaye ɗaya ko kun gaji? Ya ce mu je.

Kafin in kashe kyamara, ga alamun da ba a jira da su. In zafin ya fara zuwa da dare mutum yana kwance, har sai ya sauko da ƙafar daga gado yake samun sauƙi, ko rauni ya fito a yatsa ya ƙi warkewa, ko yatsa ya fara baƙi, a ga likita a ranar. In kuma ƙafa ta yi sanyi ƙalau farat ɗaya, launinta ya sauya, ta yi zafi mai tsanani ko ta mutu ba a jin ta, a nan Birtaniya 999 za a kira nan take, awanni kaɗan ake da su a ceci ƙafar. Masu suga ku riƙa duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kullum, kada ku gasa ƙafa da ruwan zafi, kada kuma ku sa safa mai matsewa sai an auna jinin ƙafar.

A bidiyo na gaba zan shiga kicin da matar Kawu mu ga yadda ta rage mai da gishiri a miyar kuka. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun haɗu.