Likitan Yana Da Lasisi, To Shi Ke Nan?

[Hoto: saƙonnin masu kallo suna wucewa a kan allo]

Jama'a, assalamu alaikum. Tun da maganar tiyatar ƙara girman mazaunai ta sake cika TikTok, saƙonni suke ta shigo mana, kuma kusan duk abu ɗaya ake tambaya. Ga na wata baiwar Allah nan: "Na bincika, likitan yana da lasisi, to ai shi ke nan ko?" 'Yar'uwa, da sauran rina a kaba. A kan wannan lasisin za mu daɗe yau, sauran kuma za mu bi ta kansu da gudu.

Kafin nan, kada a ɗauka tiyatar gyaran jiki ta 'yan gayu ce kawai. Waɗannan yaran da kuke gani, a asibitin masu cutar noma ne da ke Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, inda ake sake gina fuskar da ciwo ya cinye. Wanda wuta ta ƙona har fata ta liƙe masa wuya da ƙirji, jaririn da aka haifa da tsagaggen leɓe, matar da aka cire wa mama saboda ciwon daji, duk hannun likita iri ɗaya suke nema. Batun wace tiyata ce ta halatta kuwa, wannan ku kai wa malamai, ni ba fagena ba ne.

[Hoto: takardar lasisi, an matso da ita kusa]

Wannan takardar daga hukumar MDCN take, mai yi wa likitoci rajista a Najeriya, kuma duk shekara ake sabunta lasisin aiki. Abin da take faɗa shi ne: wannan mutumin ya yi shekara shida a makarantar likitanci, ya yi shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, an yarda ya duba marasa lafiya. Iyakar ta ke nan. Likitan da ke duba zazzaɓi a unguwarku irin ta yake da ita, haka ma likitan ido. Ba ta ce mai ita ya iya zuƙe kitse daga ciki ya mayar da shi wani wuri ba.

Direban Adaidaita Sahu yana da lasisi, direban tankar mai shi ma yana da shi. Amma wa zai miƙa wa na farkon tanka cike da fetur ya ce ya kai ta Maiduguri daga Legas?

Wanda zai zama ƙwararre, bayan ya gama hidimar ƙasa sai ya koma asibitin koyarwa, irin su Shika a Zariya ko Malam Aminu Kano, ya sake shafe wajen shekara shida ko fiye yana tiyata a ƙarƙashin manya, yana kwanan asibiti, yana zana jarrabawa mataki-mataki, da yawa ma sai sun faɗi sun maimaita. In ya haye, sai ku ga wasu haruffa a bayan sunansa: FWACS, daga kwalejin likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma, ko FMCS, daga kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas.

To ku saurara da kyau, don a nan ne ko masu ilimi suke zamewa. FWACS kaɗai ba ta gaya muku fannin mutum. Likitan ƙashi yana iya samun ta, likitan mafitsara ma haka, har da likitan mata. Dukkansu ƙwararru ne na gaske, amma kowa da kiwon da ya karɓe shi. Saboda haka tambayar ita ce: "Likita, ƙwarewar taka a wane fanni ce, kuma a wane asibiti aka horar da kai?" Wanda ya sha wahalar shekarun nan, kafin ki rufe baki ya ba ki amsa, har da sunan farfesan da ya koyar da shi, da labarin yadda ya sha faɗa. Wanda ya fara kame-kame ko ya haɗe rai wai kin raina shi, ɗauki jakarki. Likitocin wannan fanni suna da ƙungiyarsu, NAPRAS, kuma ba su da yawa a ƙasar nan, sun san juna. Kina iya zuwa sashen tiyatar gyaran jiki na asibitin koyarwa mafi kusa ki ambaci sunan.

[Hoto: bango cike da takardu a cikin firam]

Sai wannan bangon. Wata ƙawata ta taɓa turo mini hoton irin sa tana murna, takardu har tara, ga zanen zinare a gefe. Na ce ta matso da kyamara mu karanta. Bakwai daga ciki shaidar halartar taro ce, ta kwana biyu, ta kwana uku, a otal. Ai wannan da kalandar da ake rabawa a wurin biki duk ɗaya, ta nuna dai kin je. Yawan mabiya a Instagram ma haka, ana sayen su. Hotunan "kafin da bayan" kuma, babu mai ɗora wanda aikin ya ɓaci.

Me ya sa nake ta nanatawa? Ku dubi wannan zanen. A wannan tiyatar, kitsen da aka zuƙo daga ciki ake zubawa a mazaunai ta bututu. A cikin tsokar mazaunai akwai manyan jijiyoyin jini. In bututun ya nutse ya yaga ɗaya, kitsen ya shiga, jini zai kwashe shi zuwa zuciya da huhu ya toshe hanya, cikin mintuna a kan gadon tiyata. A 2017 wani kwamitin likitocin Amurka ya ƙiyasta cewa ana rasa kusan mutum ɗaya cikin 3,000 a wannan aikin, abin da ya sa aka fitar da ƙa'idar cewa a ƙarƙashin fata kawai za a zuba kitsen, kada a taɓa tsoka. Tazarar da ke tsakanin biyun ba ta da yawa, kuma hannun da ya saba ne yake jin ta.

Kuɗi da Turai ma ba kariya ba ne. Uwargidan shugaban ƙasa na wancan lokacin, Stella Obasanjo, a Sifaniya ta rasu a watan Oktoban 2005 bayan tiyatar zuƙe kitse, saura makonni ta cika shekara 60. A 2009 kotu a can ta sami likitan da laifin sakaci, ta yanke masa ɗaurin shekara ɗaya.

[Hoto: cikin ɗakin tiyata]

Yanzu asibitin, da sauri. A Kano hukumar PHIMA ce ke yi wa asibitocin kuɗi rajista, a Legas HEFAMAA, ki nemi ganin takardar. Wa zai sa ki barci? Dole ya zama ma'aikacin da aikinsa ke nan, ya zauna a kanki yana kallon na'ura tun daga farko har ki farfaɗo, ba mai tiyatar ne zai haɗa biyu ba. Akwai tukunyar oksijin? In an ɗauke wuta, janareta yana tashi nan take? Jini fa? Ɗakin gobe da nisa, in babu, wane asibiti za a garzaya da ke, kuma ina motar? In ba a auna jininki, sukari, hawan jini da sikila ba, aka ce ki hau gado, kada ki hau. In kuma kin ga garaɓasa, wai ki zo da ƙawarki a rage muku rabin kuɗi, to a cikin abubuwan nan da na lissafa aka rage wani.

Masu tafiya Turkiyya, Masar ko Indiya ta hannun dillali, tambayoyin nan duka suna nan, da ƙari biyu. Doguwar tafiya a jirgi kwanaki kaɗan bayan tiyata tana iya jawo gudan jini a ƙafa, ya tafi huhu. Sannan in kin dawo gida, ɗinki ya fara ruwa, zazzaɓi ya rufe ki ƙarfe biyun dare, wa zai duba ki? Ki samo likitan nan gida da ya yarda zai karɓe ki, ki ajiye lambarsa a waya tun kafin ki biya kuɗin jirgi.