Fastar Fim: Daga Fensir Zuwa Madaba'a

Laccar da aka yi wa ɗalibai masu koyon zane a Katsina, an rubuto ta daga naɗin murya.

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanmu da war haka.

Mai babur da ya biyo ta Ƙofar Ƙaura kallo ɗaya zai yi wa fastar da ke bango. In a kallon nan bai gane na soyayya ne ko na barkwanci ba, an yi asarar takarda. Don haka kada ɗalibi ya yi garajen buɗe manhajar zane irin su Photoshop ko CorelDRAW. Ya karanta labarin fim ɗin tukuna, ya taƙaita shi a jimla ɗaya, sannan ya ɗauki fensir ya yi ƙananan zane 10 ko 12, kowanne kamar girman kwalin ashana. Wanda aka gane shi a wannan ƙanƙantar, shi za a kai kwamfuta.

Babban ciwon fastocinmu cunkoson kawuna ne. Jarumai takwas an jera su kai ɗaya kamar hoton biki, wai don kada wani ya yi fushi da furodusa, ido kuwa ya rasa masauki. Ka zaɓi fuska ɗaya ta cinye kusan rabin takardar, sauran ka rage su su koma bayanta. Sai ka dubi haske. In ka yanko jarumar da rana ta haska ta dama, ka ɗora ta gaban Hasumiyar Gobarau wadda haskenta ya zo ta hagu, ko yaro zai ce haɗi ne. Gefen mayafi ma yakan tona asiri: wannan siririn farin layin da yankan gaggawa ke bari, a waya ba ya fitowa, a babbar takarda ta A2 kuwa sai ya yi tsaye.

Launi kada ya wuce uku, salon rubutu biyu. Kafin wani salo ya burge ka, gwada ƙ, ɗ da ɓ a cikinsa, domin da yawa ba su da su. Sai ka ga akwati ya fito a tsakiyar sunan fim. In da CorelDRAW kake aiki, danna Ctrl+Q ka mayar da rubutun zane kafin ka kai wa mai bugawa, don ba lalle yana da salonka a kwamfutarsa ba.

Yanzu lissafi. Girman takardar A3 milimita 297 ne da 420. A 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, fiksel (ɗigon hoto) 3508 da 4961 ke nan. Ƙara milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar yanka, rubutu kuma ya ja ciki da aƙalla milimita 5. Allon kwamfuta RGB yake nunawa, wato haɗin hasken ja, kore da shuɗi, injin bugu kuwa da CMYK yake aiki, wato haɗin tawada kala huɗu, shi ya sa shuɗi da kore masu walƙiya suke dusashewa a takarda. Koma CMYK da wuri, ka buga gwaji ɗaya a A4 ka dubi fatar jarumi a hasken rana. Ƙananan sunayen ƙasa a bar su K100, wato baƙar tawada zalla. In ka haɗa musu tawada huɗu, inji ya ɗan goce, sai haruffan su yi inuwa.

Hoton da aka turo ta WhatsApp an riga an matse shi, yana fashewa in an buɗa. Ka ce a turo a matsayin fayil.

Hoton bangon bidiyo na YouTube kuma fiksel 1280 da 720 ne, a kwance. Kada ka ja fastar tsaye ta cike wurin, fuskoki za su baje. Sake jera shi daga farko: fuska ɗaya, kalma uku ko huɗu, kusurwar ƙasa ta dama a bar ta fili, don nan tsawon bidiyon ke fitowa.