Sharhi: Matuƙin da Ya Fasa Sauka Bai Faɗi Jarrabawa Ba

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. Sharhinmu na yau ya shafi jirgi mai saukar ungulu, da jarrabawar da matuƙinsa ke yi kafin a damƙa masa lasisi.

A cikin jarrabawar akwai sauka a matsattsen wuri, wato ɗan fili tsakanin itatuwa, ko gindin dutse, ko harabar da gine-gine suka kewaye. A nan yankin namu na arewacin Kamaru wannan shi ne aikin yau da gobe. Wanda aka tura ɗauko majinyaci a ƙauyukan duwatsun Mandara, can wajen Mokolo, ko kai kaya Darak a Tafkin Chadi, ba zai tarar da shimfiɗaɗɗiyar kwalta irin ta filin jirgin Salak na Marwa ba.

Ƙa'idar sananniya ce. Matuƙi ya fara kewaya wurin daga sama, kamar mita 150, ya duba faɗinsa, da gangararsa, da inda iska ke fitowa, da hanyar shiga da ta fita. Sannan ya yi ƙasa-ƙasa ya sake dubawa. Wayar lantarki ba ta cika ganuwa daga sama ba, don haka turakunta ake nema. Farfelar wutsiya kuwa tana bayansa, ba ya ganinta, kuma reshen gawo guda ya isa ya kakkarya ta.

Amma babban abokin gabarmu a nan zafi ne. Iska in ta yi zafi sai ta yi sako-sako, injin ya rage ƙarfi, farfela ta rasa abin kamawa. Tsayin Marwa daga teku mita 400 ne da 'yan kai, amma ranar bazara da zafi ya kai digiri 42, jirgi zai yi aiki tamkar yana wajen mita 1,500. Ga shi matsattsen wuri ba ya ba da damar shigowa a kwance, dole a sauko kusan a tsaye, kuma wannan ya fi cin ƙarfin inji. In saukowar ta wuce kamar mita 90 a minti ɗaya alhali jirgin ba ya tafiya gaba sosai, yana iya faɗawa cikin iskar da shi kansa ya turo ƙasa, ƙarin wuta kuma sai dai ya ƙara dulmiyar da shi. Sai ƙura. Farfela na tayar da ita ta turnuƙe gilashi a daƙiƙun ƙarshe, daidai lokacin da matuƙi ya fi bukatar ganin ƙasa.

To, ina matsalar take? Ɗalibi ya biya kuɗi masu yawa, mai jarrabawa na zaune gefensa ya yi gum. Zuciya sai ta raya masa cewa in ya fasa sauka ya faɗi. Sai ya daure ya kutsa inda hankalinsa bai kwanta ba.

A ganinmu, ɗalibin da ya auna ƙarfin injinsa, ya ga bai isa ba, ya ce "Malam, ba zan shiga nan ba," ya ba da amsar da ake nema. Kamata ya yi mai jarrabawa ya faɗa masa haka tun suna ƙasa, su kuma daidaita kalmomin miƙa tuƙi: ɗaya ya ce "na karɓa," ɗayan ya amsa "ka karɓa," kada a samu lokacin da kowa ke zaton jirgin na hannun ɗan'uwansa. Shi ma mai jarrabawar ya zaɓi wurin da ya sani, ya kuma ƙudurta tun farko iyakar da in an kai zai sa hannu.

Kuma ko da an yi gwajin da sanyin safiya, a sa ɗalibi ya lissafa nauyin da jirgin zai iya ɗauka da azahar a watan Afrilu, domin a irin wannan lokacin ne za a kira shi. A tambaye shi kuma abin da zai yi in ya hango yaran ƙauye sun sheƙo da gudu zuwa filin, shi kuwa saura mita goma ya taɓa ƙasa.