Amsoshin Tambayoyinku: An Sallame Ni, Amma Zuciyata Ba Ta Kwanta Ba

Assalamu alaikum warahmatullah, masu sauraro, barkanmu da warhaka daga nan Birnin Kebbi. Saƙonnin makon nan sun taru a kan ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara ko kansa. Kamar yadda muka saba, ba na faɗin sunan kowa, gari kawai nake ambata. Na yi shekaru ina aikin jinya a ɗakin masu wannan lalura, don haka abin da zan faɗa shawara ce ta wadda ta tsaya a bakin gado. Ba ta maye gurbin likitan da ke riƙe da fayil ɗinku.

Saƙon farko daga Jega ya fito. Wani magidanci ya ce: "An rubuta wa iyalina allurar kimo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, sau shida saboda sankarar mama. Ta yi uku. Ƙullutun ya kusa ɓacewa, amma sumarta ta zube ƙwal, ba ta iya cin abinci, ni kuma na sayar da shinkafar da na noma da sa guda. 'Yan'uwanta sun ce tunda sauƙi ya samu a dawo da ita gida a ƙarasa da na gargajiya. Me kika gani?"

Malam, sannu da ɗawainiya, Allah ya saka maka da alheri. Amma don girman Allah kada a tsaya a uku. Ƙullutun da hannu ke taɓawa shi ne abin da ya taru wuri ɗaya. Akwai ƙwayoyin cutar da suka yi ƙanƙanta, ba hannu ba, ko hoton asibiti ba ya ganin su, kuma su ne sauran alluran ke bi. Kai manomi ne, ka san abin da ke faruwa idan aka yi noman farko aka bar maimai. Raguwar da ka gani shaida ce cewa maganin ya dace da ciwon, kuma sau da yawa likita na rage ƙullutun ne da gangan don a samu yin tiyata cikin sauƙi. Waɗanda suka fi tsaya mini a rai a aikin nan su ne matan da suka tafi a daidai wannan mataki, suna murna, sai bayan watanni a shigo da su maman ya fashe, an lulluɓe shi da ganye da tsumma.

Ana ba da irin wannan allura yawanci duk bayan mako uku, don jiki ya samu farfaɗowa. Maganin yana kai hari ga duk ƙwayar halittar da ke saurin hayayyafa, shi ya sa yake taɓa tushen suma da fatar cikin baki da ɓargon da ke haɗa jini. Suma takan fara zuba mako biyu zuwa uku bayan allurar farko, kuma tana dawowa bayan an gama. Na ga gwaggona da idona ta ɗaga kai daga matashi, kitsonta guda ya rage a kai. Ta ɗauke shi ta naɗe a gefen zane, ba ta ce da kowa uffan ba. Bayan 'yan watanni da gama magani sai ga sabuwar suma mai laushi kamar ta jariri. Ka gaya wa iyalinka wannan.

Amai kuwa akwai magungunansa, ku roƙa, kada ku yi kawaici. A ba ta abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa: kunun gyaɗa, dafaffen ƙwai, alala, farfesun kifi, duk abin da ranta ya karɓa in dai ya dahu sosai. Nonon da ba a tafasa ba a ɗan jingine shi tukuna. Abin da ba a wasa da shi shi ne zazzaɓi. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowace allura fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki ke nan, suna yin ƙasa matuƙa. Ka sayi ma'aunin zafin jiki. Idan ya nuna 38 ko ya haura, ko ta fara rawar sanyi, ko da tsakar dare ne a nufi asibiti, a kuma gaya musu tun daga bakin ƙofa cewa tana kan kimo. Kada a ba ta farasitamol a jira gari ya waye.

Maganar kuɗi kuma, ba zan raina maka wayo ba, magani ne mai cin dukiya. Ka fito ka gaya wa likita gaskiyar aljihunka kafin ranar allura, ka kuma nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin. Gwamnatin Tarayya na da asusun tallafa wa masu ciwon daji marasa ƙarfi, wanda ya fara aiki a 2021 a kan sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta kaluluwar da ke ƙarƙashin mafitsarar maza da ake kira furostet. Da asibitoci shida aka fara, na yankinmu shi ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. A nan gida kuma akwai gidauniyar Medicaid ta Dakta Zainab Shinkafi Bagudu, wadda ta daɗe tana aikin gwaji da wayar da kai a Kebbi. Ka ƙwanƙwasa kowace ƙofa. 'Yan'uwan nan da suka kawo shawarar komawa gida, ka zaunar da su da mutunci ka ce gudunmawarsu kake nema ta allura ta huɗu.

Wata baiwar Allah daga Zuru ta tambaya ko ana ɗaukar ciwon, domin abokiyar zamanta ce ba lafiya, kuma an ware mata kwano da buta. Ba a ɗauka, 'yar'uwa, ko ta kwano, ko ta tufafi, ko ta shimfiɗa. Wadda aka yi wa gashi, wato ƙona dajin da hasken na'ura daga waje, ma ba ta dawowa da komai a jikinta, tana iya rungumar jariri. Shayarwa ce ba ta halatta lokacin kimo. Ki mayar da kwanon nan cikin sauran, yau ki zauna ku ci tuwo tare.

Daga Yauri wani matashi ya rubuto game da mahaifinsa, masunci, wanda ya daɗe yana fitsarin jini. Likita ya ga ƙari a mafitsara, ya ce sai an shiga da na'ura an ciro ɗan tsoka an auna. Dattawa sun ce daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi zai watsu. Matashin ya kuma ce ba su gaya wa tsohon komai ba, ce masa suka yi tsargiya ce.

Ɗana, tsargiyar ma tana iya zama da hannu a ciki. Mu mutanen bakin ruwa, daga Yauri zuwa fadamun Argungu da Suru, mun saba ganin yaro na fitsarin jini har wasu na ɗaukar sa alamar balaga. Tsutsa ce da ke fitowa daga katantanwar ruwa ta huda fata, ƙwanta ya maƙale a bangon mafitsara. Shekara da shekaru yana gurzar wurin, har a wasu mutane ya rikiɗe ya zama daji. Maganin tsargiya, faraziƙwantal, ƙwaya ce da ake sha cikin yini guda, don haka ƙannenka masu shiga ruwa a kai su a duba su.

Batun ƙarfe kuwa, na san inda ya samo asali. Mutum yakan zauna da ciwo har ya yi nisa, a kai shi asibiti a ƙarshe, a yi aiki, ba da daɗewa ba rai ya yi halinsa, sai a ce wuƙar likita ce. Alhali jinkirin ne. Idan ba a auna tsokar ba, likita ba zai san irin ciwon ba balle maganinsa. Ƙarfen da nake jin tsoro shi ne na sakiya. Ku bari a yi gwajin. Shi kuma Baba, ku gaya masa. Mutumin da ya yi shekaru yana karanta ruwa da iska ba zai kasa karanta fuskokinku ba. Ku sami babban da yake jin nauyinsa, a tambaye shi ko yana son jin abin da likita ya gani, a tafi da shi daidai yadda zai iya ɗauka. Jikinsa ne, kuma wataƙila akwai bashi ko wasiyya ko wata magana da yake so ya yi da kansa.

Saƙon da na fi daɗewa riƙe da shi a hannu na wata malamar firamare ne daga Argungu. Ga abin da ta ce: "An cire mini mama guda, na yi kimo, na yi makonni a Sakkwato ana yi mini gashi. Wata goma sha huɗu ke nan da gamawa, yanzu ƙwayar tamoksifen nake sha. Kowa cewa yake na warke, in gode wa Allah, kuma ina godiya. Amma ko bayana ya sara sai gabana ya faɗi. Daren da zan koma ganin likita ba na runtsawa. Na tambayi likita ko na warke, sai ya ce ba a ga komai ba. Shin na warke? Kuma wannan tsoro rashin tawakkali ne?"

Malama, na karanta saƙonki sau uku. Lokacin da kike magani gida cike yake da 'yan dubiya, kowace rana akwai abin yi: mota, layi, gwajin jini, ƙarin ruwa. Ranar da aka sallame ki kowa ya koma harkarsa, aka bar ki da tabo da shiru. Da yawa daga cikin waɗanda na yi jinya sun ce mini wannan lokacin ya fi musu nauyi a zuci fiye da kwanakin amai, kuma kunya ke hana su faɗa, don kada a ce sun butulce.

Likitanki bai ɓoye miki komai ba. "Ba a ga komai ba" labari ne mai daɗi, kuma shi ne iyakar abin da na'ura ke iya shaidawa. Haɗarin dawowar ciwon ya fi yawa a shekarun farko, yana raguwa da tafiyar lokaci, shi ya sa ake kiran ki duk wata uku zuwa shida da farko, daga baya a koma sau ɗaya a shekara. Irin naki, wanda sinadarin jikin mace ke ciyarwa, yana iya yin likimo ya daɗe, don haka ake ba da tamoksifen shekara 5, wani lokaci har 10. Ƙwayar nan da kike haɗiya kullum ita ma magani ce cikakke, tana rage haɗarin sosai. Za ta iya sa ki jin zafi ya taso miki da gumi ko a cikin sanyin hunturu. Ki daure, kada ki ajiye ta sai da sanin likita. Idan kika ga jinin da ba na al'ada ba, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, wannan kam a je asibiti ba tare da jiran ranar kati ba.

Ga ma'aunin da nake ba mata irinki don su samu barci. Jikin da ya sha kimo da gashi zai yi ta ƙananan ƙorafi: gajiya, tsamin gaɓoɓi, ɗaurewar fata wajen tabo, mantuwa. Ciwon da ya zo ya wuce cikin 'yan kwanaki ba shi ne abin nema ba. Wanda ya kai mako biyu bai tafi ba, ko yake ƙaruwa, shi ake kai wa likita: ciwon ƙashi mai tayar da ke da dare, tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, haki, rama ba dalili, ido ya yi rawaya, ciwon kai mai naci, ko sabon ƙullutu a tabo, a hammata, ko a gindin wuya. Ki sami ɗan littafi irin na ɗalibanki ki rubuta ranar da abu ya fara. Ki zaɓi rana ɗaya a wata ki duba jikinki da kyau, sauran kwanakin ki bar hannunki ya huta. Na san wadda ta yi ta latsa tabonta safe da yamma har wurin ya yi tsami, tsamin ya ƙara firgita ta.

Hannun ɓangaren da aka yi aikin ki lallaɓa shi, musamman idan an cire kaluluwar hammata, domin yana iya kumbura ko bayan shekaru. Ban da ƙaho, ban da matsattsen awarwaro, ki kiyaye yanka da ƙuna wajen girki. Amma kada ki naɗe shi, ki riƙa motsa shi, ki koma aikin gida da rubutun allo sannu a hankali.

Tsoro kuma ba rashin tawakkali ba ne, Malama. Annabi Yaƙuba, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, ya ce ga Allah kaɗai yake kai kukansa, kuma ba a ce imaninsa ya ragu ba. Ke da kike shan maganinki, kike hawa mota ki je ganin likita duk da gabanki na faɗuwa, kin ɗaure raƙuminki. Ki nemi mutum ɗaya da za ki iya ce wa "yau ina jin tsoro" ba tare da ya rufe miki baki da "haba, ai kin warke" ba. A layin asibiti akwai matan da suka riga ki da shekara uku ko biyar, ki karɓi lambar ɗaya daga cikinsu. Idan kuma rashin barcin ya zarce makonni, ko kika daina jin daɗin komai, ki faɗa wa likita kamar yadda za ki faɗi ciwon baya, don shi ma ana maganinsa.

Masu zuwa gaishe ta, ku ma ina da roƙo. Ku daina kawo mata labarin wance da nata ya dawo ta rasu. Ranar komawarta asibiti wani ya raka ta tasha, ko ya zauna kusa da ita a benci har a kira sunanta.

Lokaci ya ƙure mana. Akwai saƙonni biyu daga Kamba da Bagudo a kan allurar riga-kafin sankarar bakin mahaifa, wadda aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a ƙasar nan tun Oktoban 2023. Da su za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Malama ta Argungu, idan kin dawo daga ganin likita na gaba, ki rubuto mana. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wassalamu alaikum.