Lacca kan Grateful Dead da masoyansu masu naɗar kaset

To jama'a salamu alaikum, na baya kuna ji na? Madalla. Abu uku zan faɗa kan makaɗan nan na Amurka, Grateful Dead, in lokaci ya bar mu.

Na farko, sun fara a 1965 a Kalifoniya, suka watse a 1995 da mai jitarsu Jerry Garcia ya mutu. Shekara 30, wasa sama da 2,300. Shi ke nan na farkon, wannan ko a waya kun samu.

Na biyu, nan zan yada zango, ku yi haƙuri. Mutanen nan ba sa maimaita dare. Waƙar da a faifai ba ta wuce minti uku ba, in sun hau dandamali sai ta kai minti 20 har fiye, Garcia ya ja jita ya nausa daji, Phil Lesh mai jitar bes mai kaurin sauti ya ƙi bin shi ya kama tashi hanyar, masu ganga biyu na can baya suna tasu hirar, kai dai kana tsaye kana cewa yau kam sun ɓace, kwatsam sai ka ji duk sun dawo wuri ɗaya kamar an yi alkawari. Wani daren kuma ba sa dawowa fa! Wallahi, su kansu masoyan, Deadheads ake ce musu, za su gaya maka wasan rana kaza shirme ne. Amma shi ya sa suke bin su gari gari, don in ka rasa na yau ka rasa shi ke nan, sai dai kaset.

Yauwa, kaset. Wasu mawaƙan in sun ga rikoda a hannunka sai a yi waje da kai, su kuwa a 1984 wuri guda suka ware wa masu naɗa, mutum ya kafa makirfo a kan doguwar sanda ya naɗi abinsa, sharaɗi ɗaya, kar ka sayar. A lokacin musaya ake yi ta gidan waya, ka aika naka a aiko maka wani. Ni kaset ɗin da na fara ji an rubuta 5/8/77 da biro a jikinshi, na yi shekaru ina cewa 5 ga Agusta, ashe Amurkawa wata suke fara rubutawa (dariya). 8 ga Mayu 1977 ne, a jami'ar Cornell, wasan da har babban laburaren majalisar Amurka ya sa cikin sautukan da ake adanawa. Kana jin tafi, kana jin wani a gefen makirfon yana ihu, ni har ihun nan na haddace. Ba sa maimaita dare, na faɗa ko? To na sake faɗa.

Na huɗu... na uku ne? To na uku. A 1974 sun gina katangar lasifika sama da 600 a bayansu, ɗawainiyarta ta gajiyar da su suka ajiye. A 1978 suka je Masar suka yi dare uku a gindin dalar Giza. Na'am, malam mai hula?

Ya ce wai ina ruwanmu da su. Akwai ɗan ruwa kuwa! Babatunde Olatunji, makaɗin gangar nan ɗan Najeriya daga wajen Badagry, aminin Mickey Hart ne, shi Hart ɗin ɗaya ne daga masu gangarsu biyu. Olatunji da Sikiru Adepoju mai kalangu suna cikin faifan ganguna da Hart ya fitar a 1991 wanda ya ci lambar yabon waƙa ta Grammy. In kuna so in kunna muku kaɗan, wa ke da caja? Wayata ta kusa mutuwa.